Fim Ɗin da Ya Tsaya a Babi na Sha Biyu

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan littafi da fim, na so in ɗauko misali daga namu na gida. Sai na tuna cewa in na taɓa na gida, wanda ya rubuta littafin yana iya kasancewa a layin gaba, wanda ya mayar da shi fim kuma yana bayansa, ni kuwa ina so in koma gida da rigata ba a yage ba. Shi ya sa na tafi nesa, har ƙasar Jamus. Amma ba tsoro kaɗai ya kai ni can ba. Akwai wani tsohon takaici da nake riƙe da shi tun ina yaro, yau na samu masu saurare, sai ku yi haƙuri in amayar da shi.

Littafin da nake nufi wani Bajamushe ne ya rubuta shi, Michael Ende, aka buga shi a birnin Stuttgart a 1979. Sunansa da Jamusanci Die unendliche Geschichte, waɗanda suka san fim ɗin kuma sun san shi da The NeverEnding Story. Da Hausa sai mu ce Labari Mara Ƙarshe. Ni fassarar Turanci na samu, wadda Ralph Manheim ya yi a 1983, a wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a bakin kasuwa. Bangonsa ya soma rabuwa da jikinsa. Ina aji biyu a makarantar kwana lokacin, na karance shi da tocila a ƙarƙashin bargo, na sake karantawa, har batir ya mutu sau biyu.

Da muka zo hutu sai na ji an kawo kaset ɗin fim ɗin gidan maƙwabtanmu. Na tara abokaina, na cika musu baki. Na ce ku jira ku ga zakin da launinsa yake sauyawa da launin yashin da ya taka. Ku jira ku ga birnin da wani biri yake gadin mahaukatan sarakuna. Muka zauna a tabarma muna kallo, ni ina ta yi musu bayani kafin abu ya faru, suna cewa in yi shiru. Awa ɗaya da rabi, sai kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa sama. Wani daga cikinsu ya juyo ya ce da ni, "To ina zakin?" Har muka girma in na faɗi abin da ba su yarda da shi ba, sai su ce zakin fim ne.

Ba ƙarya na yi musu ba. Zakin yana nan a littafi, sunansa Grograman. Matsalar ita ce yana bayan babi na sha biyu, fim ɗin kuwa bai wuce nan ba.

Bari in ba waɗanda ba su san labarin ba gindinsa. Wani yaro ne, Bastian, ɗan shekara goma ko sha ɗaya, gajere mai ƙiba, ba ya iya wasa, ba ya iya karatun aji, yara suna tsokanarsa. Mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa mai ƙera haƙoran roba ya shiga baƙin ciki har ya daina ganin ɗansa ko da suna zaune tare. Wata safiya ana ruwa, yaron ya faɗa shagon wani mai sayar da tsofaffin littattafai yana gudun masu tsokanarsa, ya ga wani littafi, ya sace, ya hau ɗakin shirgi na saman benen makarantarsu ya kulle kansa ya fara karantawa. Littafin yana ba da labarin wata ƙasa ce ta tatsuniya, Fantastika, wadda wani abu yake cinyewa. Wannan abin ba wuta ba ne, ba ambaliya ba, ba rami ba. In ya ci wuri, sai ka duba ka ji kamar idonka ne ya makance. Sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne Babu. Sarauniyar ƙasar, wadda siffarta ta ƙaramar yarinya ce, tana kwance ba lafiya a Hasumiyar Hauren Giwa, aka tura wani yaro mafarauci, Atreyu, ya nemo magani. Bayan doguwar wahala ya gano maganin: sai ɗan Adam ya raɗa mata sabon suna. Ɗan Adam ɗin kuwa shi ne wannan yaro da ke zaune a ɗakin shirgi yana karantawa.

Wannan rabin farko ke nan, shi ne kuma fim ɗin gaba ɗaya.

Kafin in hau kan masu fim, ya kamata ku san irin littafin da suka ɗauko, don shi kansa ginin littafin abin kallo ne. A bugun Jamusanci tawada biyu aka yi amfani da su: ja ga abin da ke faruwa da Bastian a duniyarmu, kore ga abin da ke faruwa a Fantastika. Babi 26 ne, kowanne ya fara da babban harafi mai ado da Roswitha Quadflieg ta zana, daga A har Z bi da bi. Duk wanda zai fassara shi da Hausa sai ya yi gumi a nan, don mu ba mu da Q da X, muna da ɓ da ɗ da ƙ da za su ce sai an ba su nasu babin. Sannan littafin da Bastian ya sata shi ma tawada biyu gare shi, sunansa kuma ɗaya da wanda ke hannunka. Wato kai mai karatu kana riƙe da abin da yaron yake riƙe da shi. A babi na sha biyu sai Sarauniya ta je wurin wani tsoho da ke rubuta duk abin da ke faruwa, ta sa shi ya karanto labarin tun daga farko. Da ya fara, sai ga shagon mai littattafai, ga ruwan sama, ga yaro mai ƙiba, wato shafin farko na littafin da kai ma ka karanta. Labarin ya dinga zagayowa yana cizon wutsiyarsa, ba zai tsaya ba sai Bastian ya buɗe baki ya kira sunan. Ranar da na kai wannan wurin sai da na leƙo daga bargo na duba ɗakin kwana, in ga ko ni ma wani yana karanta ni.

Mu da muka tashi da Magana Jari Ce mun san daɗin labari a cikin labari, aku yana riƙe Musa da tatsuniya don kada ya fita. Ende ya ƙara mataki ɗaya, ya jawo mai saurare ya jefa shi cikin tatsuniyar. Wannan abu takarda ce take iya yin sa. Na'urar ɗaukar hoto ba ta iyawa, kuma ban zargi kowa a kan haka ba.

Fim ɗin ya fito a Jamus ta Yamma a watan Afrilun 1984, a Amurka kuma a watan Yuli. Wolfgang Petersen ne ya ba da umarni, mutumin da fim ɗinsa na jirgin yaƙin ƙarƙashin teku, Das Boot, ya ɗaga sunansa a 1981. Bernd Eichinger yana cikin waɗanda suka shirya. An ɗauki mafi yawansa a ɗakunan ɗaukar fim na Bavaria da ke gefen Munik, wuraren titi kuma a Bankuba ta Kanada. Ya ci kimanin mak miliyan 60 na kuɗin Jamus na wancan zamani, kuɗin da ba a taɓa kashe wa wani fim ɗin Jamus ba kafin lokacin. Da Turanci aka yi shi, don kasuwar Amurka aka hanga, kuma duk wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba zai so yara su fito daga silima suna zugum ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In za a yi adalci, mutanen nan sun iya aiki. Ba kwamfuta suka sa ta zana musu dodanni ba. Da hannu suka ƙera su, da roba da ƙarfe da gashi, mutane da yawa suna jan wayoyi don fuska ɗaya ta motsa. Wurin da dokin Atreyu, Artax, ya nutse a Fadamar Baƙin Ciki, ni a ganina fim ya fi littafi. A littafi dokin yana magana, yana roƙon ubangidansa ya tafi ya bar shi. A fim ba ya cewa komai, yana tsaye kawai laka tana hawa wuyansa, yaron yana jan linzami yana kuka. Shirun nan ya fi magana ciwo. Akwai mutane a duniya yau, sun yi furfura, in ka ambaci dokin nan sai idonsu ya kawo ruwa. Ba na raina wannan.

Akwai kuma ƙananan ƙorafe-ƙorafe da masu son littafin suka saba yi, waɗanda ni na daɗe da yafewa. Atreyu a littafi fatarsa kore-kore ce, a fim ta zama irin ta kowa. Bastian mai ƙiba ya zama siririn yaro kyakkyawa. Sunan ƙasar ya koma Fantasiya. Falkor, dodon sa'a, wanda littafi ya siffanta da doguwar halitta mai kai kamar na zaki, mai iyo a iska kamar kifi a ruwa, mai murya kamar ƙararrawar tagulla, ya fito kamar wani ƙaton kare mai lallausan gashi da ke son a sosa masa bayan kunne. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne, amma a nan asara ce: tun da na ga karen nan ban ƙara iya dawo da Falkor ɗin da na ƙera wa kaina a ƙarƙashin bargo ba. Duk da haka wannan harajin da kowane littafi ke biya ne in ya hau majigi. Wanda ba zai iya jure shi ba, kada ya kalli fim ɗin littafin da yake so.

Ramewar yaron ce kaɗai zan ɗan tsaya a kanta, don ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda ake zato. Za ku ga dalili yanzu.

Da Bastian ya kira sunan, 'Yar Wata, sai ya tsinci kansa a cikin Fantastika, ba abin da ya rage na ƙasar sai ƙwayar yashi ɗaya. Sarauniya ta ba shi layarta, AURYN, mai macizai biyu kowanne ya ciji wutsiyar ɗan'uwansa, ta ce ya yi ta buri, da burinsa ƙasar za ta sake ginuwa. A fim, yaron ya tambaya buri nawa aka ba shi, aka ce iya son ransa. Sai ya hau bayan Falkor, suka keto cikin gari, suka kori yaran nan uku masu tsokanarsa har suka faɗa cikin tankin shara, yana dariya yana ɗaga hannu. Mai ba da labari ya ce ya yi wasu burace-buracen da yawa, aka sa waƙa, aka tashi.

A littafi kuwa nan ne labarin ya fara, saura babi 14. Burinsa na farko shi ne ya zama kyakkyawa, sai ya zama ɗan sarki mai kyan sura. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kowane buri da ya cika yana tafiya da wani abu daga cikin abin da yake tunawa na rayuwarsa ta duniya. Da ya zama kyakkyawa sai ya manta ya taɓa yin ƙiba. Da ya zama ƙaƙƙarfa sai ya manta ya taɓa zama rago. Kuma ba ya jin zafin asarar, don wanda ya manta abu bai san ya yi rashi ba. Kun ga ke nan, in ka ɗauko siririn yaro kyakkyawa tun daga farko, ka rufe ƙofar wannan labarin tun kafin a buɗe ta.

Daga nan buri ya dinga haihuwar buri. Ya so jarumta, ya samu. Ya so a yabe shi, aka yabe shi. Ya so a ce shi mai alheri ne, sai ya je ga wasu halittu, Acharis, munana ƙwarai, masu zama a cikin duhu suna kukan muninsu, hawayensu kuma shi ke wanke azurfar da suke saƙa gine-gine masu ban mamaki da ita. Ya tausaya musu, ko kuma ya so a ga ya tausaya musu, ya mayar da su wasu malam-buɗe-littafi masu shirme da dariya ba dalili. Kuka ya ƙare, saƙar azurfa ta ƙare, sababbin halittun suka hau rushe abin da suka gina da. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A littafin yara ban taɓa ganin inda aka nuna ɓarnar alherin neman suna kamar wannan wuri ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin an kawo wa ƙauye taimakon da ba su roƙa ba zai gane shi.

Sai wata matsafiya, Xayide, ta shige masa, tana zuga shi, tana raba shi da Atreyu da Falkor, su biyun da suka lura cewa abokinsu yana zubewa kamar buhun da ya huje. Ƙarshe ya ce shi zai hau gadon Sarauniya. Atreyu ya tara runduna don ya hana shi, aka gwabza a gindin Hasumiyar Hauren Giwa, Bastian ya zare takobinsa da ƙarfi, alhali an gargaɗe shi kada ya taɓa zare shi sai ya faɗo hannunsa da kansa, ya sari abokinsa. Hasumiya ta kama da wuta. Yaron da muka tausaya wa a shafin farko, wanda ake jefawa cikin shara, shi ne yanzu azzalumin labarin. Ina ɗan shekara sha uku na karanta wannan, na ji haushinsa, na kuma ji tsoro, don duk burin da ya yi ni ma da shi zan fara.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Birnin Tsofaffin Sarakuna. Gari ne da komai nasa a karkace yake, cike da 'yan Adam da suka taɓa shiga Fantastika kamar Bastian, suka yi ta buri har tunaninsu ya ƙare ƙaf. Wanda ba ya tuna komai ba ya iya son komai, wanda ba ya son komai kuma ba shi da hanyar komawa gida. Suna nan suna yawo, wasu suna watsa 'yan duwatsu masu haruffa a ƙasa suna duban abin da ya fito, wani biri mai suna Argax yana kula da su yana yi musu dariya. Shi ya gaya wa Bastian cewa 'yan burin da suka rage masa ba su da yawa. Daga nan labarin ya zama na komawa, kuma komawar a hankali take, ba takobi ba dodo. Ya zauna a gidan wata mata da ta riƙe shi kamar uwa har ya gano burinsa na ƙarshe, wato ya iya ƙaunar wani. Ya shiga ramin wani makahon mahaƙi inda ake tono mafarkan da mutane suka manta, ya daɗe yana haƙa a cikin duhu har ya samo hoton wani mutum mai farar riga, daskare a cikin ƙanƙara. Bai san mahaifinsa ba ne, amma zuciyarsa ta karye. A nan ya manta sunansa. Yaro marar suna ya ajiye layar da kansa a gaban abokin da ya sara, Atreyu kuma ya tsaya masa, ya faɗi sunansa da labarinsa a madadinsa, aka bar shi ya sha Ruwan Rai.

A nan ba zan iya ƙin tuna Ruwan Bagaja ba, inda Alhaji Imam ya yi shekaru yana yawon neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki. Shi ya dawo da ruwansa, aka sha, aka warke. Bastian ya kamfato nasa da tafin hannu don ya kai wa mahaifinsa, ya zube a hanya. Ya iso gida hannu wofi, ya zauna ya ba uban labarin duk abin da ya faru, sai ya ga hawaye a idon mutumin da ya daɗe da daskarewa. Washegari ya tafi shagon mai littattafai da ƙafarsa ya ce shi ne ya saci littafin. Ƙarshen labarin ke nan.

To ku ɗora wannan a gefe ɗaya, ku ɗora yaro a bayan dodo yana jefa abokan gabarsa cikin shara a ɗaya gefen. Da fim ɗin ya tsaya ne kawai a tsakiya, da sai mu ce lokaci ne ya ƙure. Amma bai tsaya haka nan ba, ya ƙera nasa ƙarshen, kuma ƙarshen da ya ƙera shi ne ainihin cutar da littafin ya zo warkarwa. Burin farko da fim ya ba yaron na ramuwar gayya ne, aka sa masa kiɗa, aka ce mu tafa. A ma'aunin Ende, wannan shi ne matakin farko na hanyar Birnin Tsofaffin Sarakuna. Littafi yana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, fim ya yanke karin maganar biyu ya ce kwaɗayi mabuɗi.

Akwai wani wuri kuma, a cikin rabin farkon ma, da aka zare wa haƙora. Atreyu ya haɗu da Gmork, kyarkecin da aka turo ya kashe shi. A fim sun ɗan yi magana a kan cewa mutanen da suka rasa fata sun fi sauƙin mulka, sai kyarkeci ya yi tsalle, yaro ya soke shi, jarumi ya yi nasara. A littafi Gmork a ɗaure yake da sarƙa, yunwa ta kusa kashe shi, kuma ya tona asirin da fim ya tsallake: duk halittar Fantastika da ta faɗa cikin Babu ba ɓacewa take yi ba, fitowa take yi a duniyar 'yan Adam a matsayin ƙarya. Da ita ake sa mutane su sayi abin da ba su bukata, su ƙi waɗanda ba su sani ba, su bi wanda zai halaka su. Wato tatsuniya da ƙarya uwa ɗaya ta haife su. In al'umma ta kashe ta farko, ta biyun ce take cika gurbin. Ende ba daga sama ya samo wannan ba. An haife shi a 1929, ya girma a ƙarƙashin mulkin Hitila. Mahaifinsa, Edgar Ende, mai zane ne, gwamnatin Nazi ta haramta masa aikinsa a 1936. Shi kansa yana ɗan shekara 15, a 1945, aka aiko masa takardar shiga soja ya ƙi amsawa. Mutumin da ya ga abin da ƙarya mai rediyo da tuta ta yi wa ƙasarsa ne ya rubuta wannan zance. Mu da muke zaune da waya a hannu, ana turo mana labarin ƙanzon kurege safe da yamma, ba ma bukatar a fassara mana shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ende ya fara aikin rubutun fim ɗin tare da Petersen, daga baya ya ce an sake rubuta shi ba da saninsa ba. Da ya ga inda aka dosa ya nemi a dakatar da aikin ko a sauya wa fim ɗin suna. Aka ƙi. Ya kai ƙara kotu, ya sha kaye, don ya riga ya sa hannu ya sayar. Abin da ya samu kawai shi ne a cire sunansa daga sunayen da ke fitowa a farkon fim. Ya fito fili ya ce abin da aka yi tarin ƙyale-ƙyalen kasuwa ne na roba da gashin 'yar tsana. Kada kuma a ce mutum ne mai ƙin fim: da aka mayar da wani littafinsa, Momo, fim a 1986, ya yarda da aikin har ya fito a ciki na ɗan lokaci.

Wani zai ce ai an yi kashi na biyu. An yi, a 1990, da wani daraktan da wasu yaran, kuma sun ɗebo maganar mantuwa. Amma ku ji yadda suka yi da ita. A fim ɗin, matsafiya Xayide ce take da wata na'ura da ke sace tunanin yaron duk lokacin da ya yi buri. Wato laifin ya tashi daga kan yaron ya koma kan muguwa. A kawar da ita, magana ta ƙare. A littafi babu na'ura, babu ɓarawo. Burin ne da kansa yake cin mai shi, kuma layar da Sarauniya mai alheri ta ba shi ce take yin aikin. Fim na uku, na 1994, ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Ende ya rasu a 1995.

Me ya sa masu fim suke gudun wannan rabin? Na ce ku riƙe maganar kuɗi. Fim mai tsada yana son jarumi da za a so daga farko har ƙarshe, da mugu da za a nuna da yatsa, da ƙarshen da zai sa a sayi tikiti a karo na biyu. Rabin nan na biyu ba shi da ko ɗaya. Amma ina ganin akwai wani dalilin da ya fi kuɗi, shi ne raina yara. Manya suna zaton yaro ba zai iya ɗaukar labarin da jaruminsa ya lalace ba. Kakanninmu ba su yi wannan zaton ba. Gizo da suke ba mu labarinsa da dare maƙaryaci ne, makwaɗaici, mai cin amanar Ƙoƙi, kuma sau da yawa da kunya yake ƙarewa. Ba wanda ya ce a gyara shi don kada yara su firgita. Yaro ya san yana da mugunta a cikinsa, ya san abin da zai yi wa masu dukansa da zai samu iko. Littafin da ya gaya masa haka, ya kuma nuna masa hanyar dawowa, ya girmama shi fiye da fim ɗin da ya shafa masa kai.

'Yan'uwana masu shirya finafinai da ke nan, na san wasunku suna hangen littattafanmu, tsofaffi da sababbi, kuma ina so ku ɗauka. Tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim, hanyar ba sabuwa ba ce. Ku yanke, ku gajarta, ku haɗe mutum uku su zama ɗaya, ku hana doki magana in shirunsa ya fi. Amma kafin ku sa almakashi, ku zauna da marubucin ku tambaye shi wane wuri ne in an cire, littafin ya koma faɗin kishiyar abin da ya zo faɗa. Ku kuma marubuta, ku karanta takardar yarjejeniya kafin ku sa hannu, ku nemi a rubuta muku haƙƙin ganin rubutun fim na ƙarshe. Ende da sunansa da lauyoyinsa bai ci nasara ba bayan ya sa hannu, balle ni da ku.

A 2024 an ba da sanarwar cewa kamfanin See-Saw Films da masu kula da gadon Ende za su sake mayar da littafin fim, kashi-kashi. In Allah ya kai mu zan kalla, amma ba zan ƙara tara abokai in yi musu alkawarin zaki ba. Ku kuma ɗalibai, wanda ya kalli tsohon fim ɗin ya ji daɗinsa, ban ce ya daina ba. Ya dai nemi littafin, ya buɗe babi na sha uku, ya ci gaba daga inda aka tsayar da shi.